Farar Jarkar Ɗakin Gwaji

Na daɗe ina wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata kwaleji a nan Katsina. Ban yi boko ba. Kafin nan ga-ruwa na yi a Ƙofar Guga, har kafaɗata ta mutu.

Ranar da na fara aikin, abu ɗaya aka koya mini. A wanke da sabulu, a ɗauraye da ruwan famfo, a sake ɗaurayewa da ruwan da inji ke tacewa cikin wata farar jarka. Da ruwan jarkar nan ɗalibai ke yin gwaji.

'Yan sashen kemistiri suna zuwa suna wucewa. Wasu su ƙare a asibiti suna auna jini, wasu a aji da alli. Da yawa kasuwa suke komawa. Ba na riƙe fuskokinsu.

Wata shekara wuta ta yi ƙaranci, injin ba ya tara abin kirki. Wanda ya yi ga-ruwa ba ya iya kallon jarka ta yi ƙasa. Sai na riƙa cike ta da ruwan burtsatse kowace safiya. A sanina, ruwan da launinsa bai canja ba, ba wari, ba ɗanɗano, mai tsarki ne. Da shi nake alwala.

A shekarar akwai wata ɗaliba Kirista, 'yar kudancin Kaduna, iyayenta na zaune a Kambarawa. Aikinta na ƙarshe shi ne auna gishirin da ke cikin ruwan rijiyoyi. Wani kamfanin ruwan leda ya yi alkawarin ɗaukarta idan ta gama a shekarar. Sau uku tana kai sakamako malaminta yana dawo mata da shi. Ya ce saura mako biyu, in bai gyaru ba ta maimaita shekara.

Wata rana na same ta ita kaɗai, ta yi tagumi.

"Baba, ko kwalaben nan naka aljanu gare su?"

Na ce, "Ni dai ban taɓa gamuwa da su ba. Mi ya faru, ɗiyata?"

Ta zuba ruwan jarka a kwalba, ta ɗiga wani magani. Ruwan ya yi fari kamar an dama alli.

"Ka gani? Tataccen ruwa ba ya yin haka, sai in da gishiri a ciki. Tun ban taɓa na rijiya ba ke nan."

Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da wankina.

Kwana biyu ina ɓoye maganar, na san ruwan burtsatsena ne. Ina da iyali, ga kafaɗa ba ta ɗaukar kaya. A rana ta uku na je ofishin malamin. Muka gaisa, gida, yara, gajiya. Sannan na faɗa masa.

Ya cire tabarau. "Tun yaushe?"

"Tun bayan ƙaramar salla."

"Da burtsatse?"

"Malam, tsaf yake. Ni ko sha nake yi."

"To, ai shi ya sa ba ka mutu ba. Yarinyar mutane ce ta kusa mutuwa."

Ya sa aka kira ta, ya ce in maimaita a gabanta. Na maimaita. Ta zauna a kan kujera.

An zubar da ruwan jarkar, aka sa mata kwaɗo. Ni aka mayar da ni shara har ƙarshen zango. Ita aka ƙara mata mako uku. Ta sake bin rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ruwan bai yi fari ba sai inda ya kamata. Ta gama a shekarar, kamfanin ya ɗauke ta.

Ranar da ta zo karɓar takardarta ta same ni da tsintsiya a bakin ƙofa. Ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baba." Na amsa. Ta ɗan tsaya, sai mai adaidaitan da ya kawo ta ya yi mata ham, ta tafi.