Tumun Gero da Naman Layya

Shekarar da sojoji suka koma bariki ita ce shekarar da na gama bautar ƙasa, na dawo Kano da digiri a hannu amma ba aiki. Bayan wasu watanni ina zaman jira, aka ɗauke ni koyarwa a wata firamare ta gwamnati a Tarauni, aka ba ni aji shida. Ina zaune a gidan yayana a Gyaɗi-Gyaɗi, kullum da safe in tako a ƙasa, don ina tsoron acaɓa.

Akwai wata yarinya a ajin, 'yar wani direban tifa da ya taso da iyalinsa daga ƙauye suka kama ɗaki a Unguwar Gano. Siririya ce, ba ta da surutu. Idan na ba da aikin lissafi, kafin in gama zaga layin farko ta kifa kai a kan benci. Na daɗe ina ɗaukar abin a matsayin lalaci. Ashe gamawa take yi.

Wata rana ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, amsar da ke bayan littafi ba daidai ba ce."

Yara suka yi dariya. Na ce ta zauna, zan duba. Kwana biyu na yi ina dubawa, na yi lissafin ta hanya uku, na kai wa wani abokina da ya karanta lissafi a jami'a. Yarinyar ce ke da gaskiya. Ko da na faɗa wa ajin, abin da na ce shi ne da alama masu buga littafin sun yi kuskure. Ita kuwa ba ta ce da alama ba.

Bayan hutun zango na farko takarda ta zo daga ofishin ilimi. Za a yi jarrabawar zaɓen yara masu hazaƙa ta musamman, waɗanda suka ci za a kai su makarantar kwana, gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Kowace makaranta ta kawo yara biyu. Hedimasta ya zaɓi wani yaro daga ɗaya ajin shidan, wanda wata malama 'yar Filato ke riƙe da shi, muna kiranta Madam. Ni kuma ya miƙo mini fom ɗaya. Bai ma tambaye ni wa zan saka ba.

Na cike komai a zama ɗaya sai gurbi guda: shekaru da ranar haihuwa. A ƙasan gurbin an rubuta cewa kada yaro ya wuce shekara goma sha biyu, kuma a haɗo da takardar haihuwa ko ta rantsuwa daga kotu. Na tambayi yarinyar, ta ce ba ta sani ba. Rajistar makaranta ma babu komai a wurin.

"Rubuta sha biyu," in ji Hedimasta. "Uban ya je kotu ya yi rantsuwa, minti goma ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina ganin zai fi kyau in ɗan tabbatar tukuna."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malam, ni kaina ranar ɗaya ga Janairu aka haife ni. Madam ma haka. Rabin ma'aikatan Kano ranar nan uwayensu suka yi naƙuda. Kai wa za ka tabbatar wa?"

Madam ta ce, "Ku bar shi, mai digiri ne. Sai ya ga cibiyar da idonsa."

Na yi dariya tare da su, amma bayan La'asar na nufi Unguwar Gano. Na samu uban a ƙofar gida yana wanke ƙafafunsa, yashi har gwiwa. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, uwar ta tsaya daga bayan labule. Na yi musu bayani, fuskar mutumin ta washe.

Uwar ta ce, "Ranar Laraba ce, Malam. Ana cin tumu, don na tuna ina kwance aka gasa mini."

Uban ya ce, "Kuma bayan Babbar Sallah ne da 'yan kwanaki. Ranar suna akwai sauran naman layya a kwalla."

Na ji daɗi, na ɗauka aiki ya ƙare. Babbar Sallah tana matsowa baya kowace shekara, tumun gero kuwa lokacinsa ba ya motsi, don haka shekarun da suka haɗu ba za su yi yawa ba. Na samo tsofaffin kalandu a shagon wani tela a Unguwa Uku da ba ya zubar da takarda, na baje su a ɗaki. Shekara biyu suka fito a jere, kowacce tana iya zama. Idan ta baya ce, yarinyar tana da sha biyu. Idan ta farko ce, sha uku.

Na koma na gaya wa uban. Ya ce, "Malam, kai ne mai ilimi. Wadda ka ce, ita zan je in rantse a kai."

Wannan maganar ce ta ƙarasa tsorata ni. Mutum zai ɗaga Alƙur'ani a kan abin da bai sani ba, don kawai na faɗa masa. Idan ƙarya ce, a wuyan wa take? Har yau ban ce wannan tsoron banza ne ba. Abin da na kasa gani a lokacin shi ne, ko wacce daga cikin shekarun biyu na zaɓa, ba ƙarya na zaɓa ba, abin da ba wanda ya sani ne. Na ce masa ko akwai wani babba a ƙauye da zai tuna. Ya ce akwai gwaggonsa, ita ta yanke wa yarinyar cibiya, kuma ran Asabar yana da lodi ta wajen garinsu.

Ranar Juma'a ce ranar rufe karɓar fom. Na sani. Amma na girma ina ganin wa'adin gwamnati ba ya cika sai an ƙara masa sati, kuma na gaya wa kaina ba za a hana mutum don kwana uku ba. Madam ta kai nata ran Alhamis. Na ce wa Hedimasta nawa yana hanya.

Ran Litinin da sassafe uban ya zo makaranta. Gwaggo ta ce tana tuna tumun, tana tuna ruwan da aka yi ranar suna, amma shekara kam ta Allah ce. Na rubuta sha biyu a tsaye a gabansa, muka je kotu ya rantse, na hau acaɓa zuwa ofishin ilimi.

Akawun ofishin bai ko karɓi takardar ba, ya ce, "An tafi da sunaye tun Juma'a kafin masallaci. Sabon shugaba muka samu, farar hula, ya ce ba a ƙara ko awa ɗaya. So yake a ga an canja."

Na roƙe shi. Na rubuta wasiƙa, na sake rubuta wata. Hedimasta bai yi mini faɗa ba, ya dai daina kallona idan muna gaisawa. Yarinyar kuwa ban gaya mata ba. Sati uku na ci gaba da yi mata darasi bayan an tashi, ina cewa a raina mai yiwuwa amsa ta zo, me zai sa in karya mata zuciya tun yanzu.

Ranar jarrabawar Asabar ce. Madam za ta raka ɗalibinta, an ce a haɗu a ƙofar makaranta ƙarfe bakwai. Na zo da niyyar in riga yarinyar, sai na tarar da ita a tsaye. An yi wa yunifom ɗinta guga, hijabin fari tas, fensir biyu a hannunta an feƙe su da reza. Ta ce babanta ne ya sauke ta da tifa kafin ya wuce ɗibar yashi.

Na ja ta gefe na gaya mata. Ban ce ofis ne ba, ban ce gwamnati ba. Na ce ni ne na makara da takardarta, don na tsaya neman shekarunta.

Ta kalli fensiran. Can ta ce, "To Malam, nawa ne shekarun nawa?"

Na ce ban samu tabbaci ba.

Madam ta juya mana baya tana gyara wa ɗalibinta kwala, ta daɗe tana gyarawa. Da tasi ta tsaya, yarinyar ta bi ta ta ce, "Madam, idan an gama, ko za a bar ki ki taho da takardar tambayoyin?"

Ta taho da ita. Ran Litinin bayan an tashi na zaunar da yarinyar ita kaɗai a aji, na ajiye agogona a kan tebur, na ba ta lokacin da aka rubuta a saman takardar. Ta gama da sauran kusan rabin awa. Na yi makin a gabanta. Tambaya ɗaya ta faɗi, ta Turanci.

"Na ci?"

Na ce, "Kin ci."

Ta tambaye ni ko za ta iya tafiya da takardar gida, babanta yana so ya gani. Na sa hannu a ƙasa da jan biro, na rubuta kwanan wata, don ban san abin da zan ƙara ba. Ta ninke ta gida huɗu ta sa a jakar buhu, ta yi mini sai da safe. Na tsaya a taga har ta fita daga ƙofar makaranta, sannan na koma na share allo.