Kwanukan da tuwo bai taɓa shiga ba

Jiya a unguwar Bantama na tsaya gaban wani zane a shagon jikana Sadiƙu, ina ta ƙyalƙyala dariya. Wata mata ya zana, kwanukan samira masu fure jibge a kanta har sama, ita kuwa tana cin waakye, wato shinkafa da wake, a ganye.

Na ce, "Angona, wace sakarya ce wannan?"

Ya ce, "Kaka, masu saye don a gani nake tsokana. Dubi zanin jikinta."

Ei! Zanina ne, na hoton da aka ɗauke ni a 1970, shekarar da na cika kabad da kwanukan nan daga kasuwar Kejetia. Har yau tuwo bai shiga ko ɗaya ba.

Wai kuma in ara masa su, ya jera kusa da zanen ranar baje koli.

Na ce, "Ci za a yi a ciki?"

Ya ce, "A'a, kallo kawai."

"To ni me nake yi da su tun kafin a haifi ubanka?"

Ashe ni ce gwanar, shi ɗan koyo ne. Kwanuka dai na hana, kada a ƙwarzane min.

Matan Zango, wa ke da irin kabad ɗina? Kada ku bar ni ni kaɗai.