Agogon Matar Direba

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana sana'ar batir a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, har ruwan batir ya cinye zanen yatsunsa. Mutane na kiransa Mai Caji. Matarsa kuwa, saboda hujin da ke jikin rigunansa, takan ce, "Ga mai rigar rariya nan ya dawo."

Ya san halin kowane batir. Na tocila, in ji shi, rai ɗaya gare shi, in garin cikinsa ya gama aiki shi ke nan. Na mota dalma ce jiƙe cikin ruwa mai ci, in ya suma ka ɗura masa wuta ya farfaɗo. Na waya ne mai baƙar zuciya, in ya kumbura ka ja da baya.

Wata rana da tsakar rana matar wani direba ta shigo, rungume da agogon bango. Mijinta ya daɗe yana kawo batirin motarsa shagon kafin ya rasu.

"Baba, taimaka mini da wannan."

"Sabon batir kike so, 'yata?"

"A'a. So nake ya tsaya. Shekara bakwai ke nan, tun da mai gidan ya sa masa batir da hannunsa ba wanda ya taɓa shi."

Mai Caji ya juya agogon. Batirin ya fashe, ya yi farin gari, tsatsa ta cinye ƙarfen da ke riƙe shi. Ya ɓamɓare shi ya ɗora a mitar gwajin wuta, allura ko motsi ba ta yi ba. Amma agogon na hannunsa yana ta ƙas, ƙas, ƙas, kuma lokacinsa daidai.

Ya ce ta bar shi ta dawo jibi. Ba ta dawo ba.

Ya kwance agogon gunduwa-gunduwa, ya zuba hannayen da ƙananan haƙoran a gwangwani, ya kai bola da kansa. Da ya dawo ya zauna, sai ya ji ƙarar tana nan, a daidai inda ya ajiye agogon kan benci.

"Kunnenka ne, tsufa ya zo," in ji matarsa da ya faɗa mata.

Washegari ta kawo masa abinci. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa kunne, sannan ta ajiye kwanon a ƙasa ta juya. Ba ta ƙara taka shagon ba.

Shi dai bai tashi ba. Ya sayi rediyo ya riƙa ƙure murya, ya ƙara shekara shida a wurin kafin ƙafa ta hana shi fita. Wani tela ne ya karɓi shagon. Da telan ya zo gaishe shi a gida, sun taɓa hira, har ya miƙe zai tafi sai ya tsaya.

"Af, Baba, wai a ina ka ɓoye agogonka ne? Na duba ko'ina ban gan shi ba."