Gwajin da Ƙanena Bai Ga Ƙarshensa Ba

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa waɗanda yanzu sai an tuna mini nake tuna su. Amma daminar da ƙanena ya ƙarar yana fama da kwamfutarsa, wannan kam ba za ta fita daga raina ba har ranar da za a kai ni makwancina.

Mu manoma ne, a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Zakirai, inda gona take manne da gona, har kana iya gaisawa da maƙwabcinka ba tare da ɗayanku ya ajiye fartanya ba. Mu biyu ne maza a ɗakin Inna. Ni ne babba, kuma Allah ya ba ni ƙoshin lafiya. Shi kuwa da sikila aka haife shi. Tun yana ƙarami, duk ranar da ruwan sama ya taɓa shi ko ya yi aikin ƙarfi, to washegari sai dai a same shi a kwance yana murƙususu, Inna tana gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi. Saboda haka Baba ya hana shi zuwa gona kwata-kwata. A garin da ake auna namiji da yawan kunyoyin da ya tayar kafin hantsi, kun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babu wanda ya taɓa zaginsa. Tausayinsa ake ji, kuma sai da na girma na gane cewa wani tausayin ya fi zagi ciwo.

Da ya gama sakandare sai ya tafi Kano ya koyi tace bidiyo a wani shago. Kwanan shago bai karɓe shi ba, ciwo ya yi ta kayar da shi, dole ya dawo gida. Maigidansa ya sallame shi da wata tsohuwar kwamfutar tebur. Muka gyara masa ɗakin da ke jikin zaure, muka ɗora faifan sola ɗaya a kan rufi, da batir ɗaya a ƙasa. Nan yake haɗa wa mutane bidiyon biki da suna da saukar karatu. Ranar da ya fara sayo wa Inna sabulu da guminsa, ta riƙe shi a hannu ta daɗe tana kallo kamar ba ta taɓa ganin sabulu ba.

Matsalar ita ce kwamfutar tafiyar hawainiya take yi. Wata rana wani mai ɗaukar bukukuwa daga Ungogo ya zo, don ya ji labarin ƙanena. Ya zauna ya kalli ayyukansa, ya yaba ƙwarai. Sai ya ba shi wani ɗan guntun bidiyo ya ce ya fitar masa su gani. Suka zauna suna jira, har mutumin ya sha fura, ya yi sallar azahar, ya dawo, kwamfutar ba ta gama ba. Da zai hau babur ɗinsa ya ce, "Malam, hannunka yana da kyau, amma amarya ba ta jira. Idan injinka ya yi sauri ka neme ni, aiki kam ba zai yanke maka ba."

Daga ranar ƙanena ya canza. Sabuwar kwamfuta ta fi ƙarfinmu, shi ma ya sani, ko zancen bai ɗauko ba. Sai ya duƙufa bincike a wayarsa, har ya gano akwai hanyar da ake matse wa tsohuwar ɗan saurin da ya rage a jikinta. Wata yamma na dawo daga gona na same shi ya buɗe cikinta. Ya nuna mini wasu 'yan siraran alluna guda biyu, koraye, kowanne bai fi tsawon tafin hannu ba.

"Yaya, ka ga waɗannan? Ram sunansu. A kansu take shimfiɗa aikin da take yi, kamar yadda Inna take baza hatsi a faifai."

Ya kunna ta, ya shiga wani shuɗin shafi da ya kira bayos, ya nuna mini lambobi huɗu a jere. Ya ce, "Ka tuna gayyar da aka yi ta ginin masallaci, ana miƙa tubali hannu da hannu? Kowa sai ya ɗan dakata kafin ya miƙa wa na gaba. To waɗannan lambobin su ne dakatawar. Masu ƙera ta sun bar ta da tsawo don kada tubali ya suɓuce. Ni so nake in rage ta, har in kai daidai bakin inda ba zai faɗi ba."

Na ce, "In ka rage ta wuce kima fa?"

Ya yi dariya. "Sai ta yi fushi ta ƙi tashi."

Ta kuwa yi fushin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Aikin na mai haƙuri ne. Zai rage lamba ɗaya, ya sake kunnawa, sannan ya sa mata wani gwaji da yake ɗaukar tun hantsi har la'asar. Idan jan layi ya fito a allon, to ba ta zauna ba, sai ya ƙara wa ram ɗin wuta kaɗan ko ya sassauta wata lambar, ya faro daga farko. Idan kuma hadari ya rufe rana, batir ya mutu a tsakiyar gwaji, wunin ya tafi a banza. Ga shi muna cikin marka.

Na taɓa tambayarsa ko wane irin sauri zai samu. Bai ɓoye mini ba. Ya ce, "Ba ninki ba ne, Yaya. Kaɗan ne. Aikin da take kaiwa magariba, wataƙila ta gama kafin a kira sallar."

"Duk wannan wahalar saboda ɗan wannan?"

Ya dube ni da idanun nan nasa da suka yi ɗorawa, ya ce, "Kai ma maimai ba ninka maka dami yake yi ba. Amma ban taɓa ganin ka bar gonarka ba maimai."

Ban sake yi masa wannan tambayar ba. Ya rame, Inna tana ta faɗan ba ya cin abinci a kan lokaci, amma ban taɓa ganinsa da walwala irin ta waɗannan makonnin ba. Ranar da lambar farko ta sauka daga sha shida ta zauna a sha biyar, har bakin gona ya biyo ni, yana tafe yana hutawa, don kawai ya faɗa mini. Na ce masa to ya isa haka, ya kira mutumin Ungogo. Ya ce a'a, yana jin za ta ɗauki sha huɗu, ba ya son ya kira mutum ya sake jin kunya.

Ranar da abin ya faru, da rana muka fita gona, garau. Wajen azahar hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Ni da Baba muka fake a wata bukka, ruwa ya yi ta zuba kamar ba zai tsaya ba. Inna kuma tana can cikin gida, ƙarar ruwa a kan kwano ba ta bari a ji komai. Ashe iskar ta ɗaga kwanon ɗakin ƙanena ta gefe guda, daidai saman teburinsa. Da ya kashe kwamfutar ya ja ta gefe, da shi ke nan. Amma gwajin sha huɗu ne a kai, kuma ya yi nisa. Sai ya fita cikin ruwan ya ciro ledar da muke shanya a kanta, ya dawo ya tsaya ya riƙe ta a saman kwamfutar da hannu biyu, ruwan yana gangarowa ta hannayensa zuwa cikin rigarsa, har aka ɗauke.

Da na shigo, a ƙasa na same shi, ya dunƙule, jikinsa sharkaf, haƙoransa suna haɗuwa. Ya kama ƙirjinsa, numfashi yana fita da ƙyar. Kwamfutar kuwa ko ɗigo bai taɓa ta ba, fankarta tana ta juyawa. Na sunkuya zan ɗauke shi, ya riƙe wuyan rigata.

"Yaya, kada ka kashe ta. Ta wuce rabi, babu ja ko ɗaya."

Na ce, "Rabu da ita, don Allah!"

"Ka yi mini alkawari."

Na yi masa. Muka fita muka bar ta a kunne.

Hanyarmu ta zama taɓo, adaidaita sahu ba zai shigo ba. Wani maƙwabcinmu ya ɗauko babur, muka sa ƙanena a tsakiya, ni ina baya na rungume shi. Sau da yawa sai na sauka na goya shi, a tura babur ɗin. Duk ramin da muka faɗa, ina jin nishinsa a cikin ƙirjina. Da muka kai bakin kwalta muka samu mota zuwa asibiti. Ma'aikatan sun yi iya yinsu, suka sa masa ruwa, suka sa masa abin numfashi, suka ƙara masa jini. Likitan ya ja ni gefe ya ce ciwon ya hau ƙirji, mu yi ta addu'a.

Washegari da hantsi ya buɗe ido, ya yi mini alama in matso. Na ɗauka ruwa yake so, ko Inna zai tambaya. Sai ya ce, a hankali, "An yi rana a gida kuwa?"

Ashe batirin kwamfutar yake tunani, kada ya mutu ta ɗauke da sakamakon gwajin. Na leƙa ta taga. Sama ta yi baƙi ƙirin tun daga nan har inda ido ya tsaya. Ya bi fuskata da kallo, ya gane, ya lumshe ido. Bai ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada da na yi ta maimaita masa yana motsa leɓe. Kafin la'asar ya cika.

A maƙabarta Baba bai yi kuka ba. Sai da muna dawowa, muka zo daidai gonarmu, ya tsaya ya daɗe yana kallon geron, sannan ya ce, "Na tsare shi daga rana, na tsare shi daga ruwa." Bai ƙarasa ba, ya wuce gaba.

Sai bayan an tashi daga zaman makoki na iya buɗe ɗakin. Kwamfutar a mace take, batir ya ƙare tun ranar, allon baƙi, babu abin da zai nuna inda gwajin ya tsaya. Cikin masu zuwa ta'aziyya akwai wani abokinsa da suka koyi aiki tare a Kano. Na roƙe shi ya sake sa gwajin, don ina so in sani. Ranar an yi rana mai kyau. Muka shimfiɗa tabarma muka zauna, lambobi suna ta gudu a allon. Ya wuce rabi. Ya kusa ƙarshe. Har na fara raya yadda zan shiga in faɗa wa Inna. Ana gab da kiran la'asar sai jan layi ya fito. Guda ɗaya tak.

Abokin nasa ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ba ta zauna ba, Yaya. Da ya ɗan sassauta lambar ƙarshe, ko ya ƙara wuta kaɗan, wataƙila da ta yi. Ya zo dab."

Na tashi na shiga cikin gida. Inna tana tankaɗe a ƙofar ɗakinta. Ta san abin da muke yi a waje. Ba ta ɗago ba ta ce, "Abin da yake ta fama a kai ɗin nan, ya yi kuwa?"

Na ce, "Saura kaɗan ne, Inna."

Hannunta ya tsaya a kan rariyar. Can ta ce, "To. Allah dai ya ga ya yi ƙoƙari." Ta ci gaba da tankaɗenta, hawaye yana sauka a cikin garin.

Shekaru sun shuɗe, na yi aure, na haifi 'ya'ya, amma ban samu amsar da za ta sanyaya mini rai ba, kuma na daina nemanta. Abin da na koya kawai shi ne, ba kowane gumi ne yake ganin kaka ba. Wani zai yi shuka, ya yi noma, ya yi maimai, a kira shi hatsi yana bununi. Na kuma koyi cewa ɗan Adam ba lafiya kaɗai yake nema ba, yana neman abin da zai nuna ya ce wannan ni na yi. Idan kuka ga wanda jiki ya hana shi abin da kowa yake yi, ya kama wani ɗan abu ya riƙe da hannu biyu, kada ku tambaye shi amfaninsa. Ku zauna kusa da shi, ku kama masa gefe ɗaya, tun yana nan. Allah ya jiƙan ƙanena, ya ba shi lafiyar da bai samu a duniya ba.