Bazarar da Maigidana Ya Rufa wa Firji Bargo

Ko zan manta komai na zamanmu a Salaga, ban da bazarar da maigidana ya rufa wa firji bargo. Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Wasu Turawa 'yan yawon duniya suka ratso hamada da mota mai gado da murhu a ciki, ta gaji, su ma suka gaji, suka sayar masa. Shi fataucin doya yake yi, ba abin da ya haɗa shi da mota mai gado, amma Allah ya yi shi da surutu da son a kalle shi. Abin da ya fi tafiya da hankalinsa ɗan firjin da ke ciki ne, mai aiki da gas, wata 'yar wuta shuɗiya tana ci a bayansa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai an kai shi ya ga wutar da ke kawo sanyi. Har liman sai da ya durƙusa ya leƙa.

Ana nan sai saƙo ya zo daga Bawku, inda mahaifiyata take zaune wurin yayana. Jiki ya ƙi, ta daina cin abinci, abu ɗaya take ambata: farfesun giwan ruwan Makango, ɗanye, ba na banda ba. A irin wannan zafi kuwa kifi ba ya kai azahar. Maigida ya bugi ƙirji ya ce, "Mma za ta ci ɗanye, ko ba ni ke da firji ba?"

Da sassafe muka je Makango, garin masunta, muka sayi kifi a bakin ruwa, muka kama hanya. Rana na ɗagawa ya tsaya duba mota, ya ɗora hannu kan wasu ramukan iska da ke jikinta, daidai bayan firjin, ya ji hucin zafi. "Kin gani? Ta nan zafi ke shiga. Turawan nan ba su san rana ba." To mu a Salaga kowa ya san yadda ake ajiye ƙanƙara, a naɗe ta da buhu, a bunne cikin garin katako, kada iska ta taɓa ta. Sai ya cusa zannuwana cikin ramukan, ya rufa wa firjin bargo kamar mai zazzaɓi. Ni ma ban ga aibu ba, zannuwana kawai nake ji. Kuma duk garin da muka tsaya sai ya ɗaga bargo ya buɗe wa mutane su ga kifi.

A Yendi muka tsaya salla. Muna alwala wata mai sayar da koko ta ƙwala ihu, "Alhaji, mota naka yana hayaki!" Nan masallata suka yo waje da butoci, kowa yana watsa abin da ya rage na alwalarsa. Aka zaro zanena mai tsada, rabinsa ya zama toka. Da aka buɗe firjin, ƙudaje sun riga mu sanin labari. Na zauna a bakin hanya na yi kuka sosai, domin ban san ko Mma za ta jira wani kifin ba.

Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ganin mutumin nan ya yi shiru ba sai ranar. Ya tura motar ƙarƙashin bishiya, ya wanke firjin, ya sake kunna wutar, ya zauna yana kallonsa. Can wajen la'asar ya sa hannu ciki ya ji sanyi ya fara dawowa, ya taɓa ramukan ya ji huci. Ya ce a hankali, "Ashe fita yake yi, ba shiga ba." Sai ya juya kan mota zuwa Makango, mu sayo wani kifin.

A tafiya ta biyu ramuka a buɗe, jiƙaƙƙen buhu a kan rufin mota, in rana ta take mu laɓe a inuwa. Wani ya roƙi a nuna masa firji, maigida ya ce ko sarki ne sai dai ya yi haƙuri. Haka muka isa Bawku da kifi da sanyinsa.

Mma ta kurɓi romon, ta lumshe ido ta ce, "Wannan ruwan gida ne." Ta ci har ta nemi ƙari. Sai ta dubi surukinta da ya rakuɓe a bakin ƙofa, ta tambaye ni me ya sami bakinsa. Da na ba ta labari ta yi dariya har da tari, ta ce, "Ki cire masa tsumman shi ma, kada ya yi hayaki." Ban sake jin dariyarta ba, kafin damina ta zauna Allah ya karɓi abarsa.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ke da wuta a ciki a bar masa mafita, in ana son sanyinsa. Tun daga ranar ban ƙara ce wa maigida surutunsa ya ishe ni ba. Yana ta zuba har yau, ni kuwa ina tuna wanda ya juya mota a Yendi.