Gizon da Ke Cikin Takalmin 'Yata

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta shiga tsuke bakin aljihu, ni akanta ce a Manchester, muna zaune a unguwar Longsight da maigidana da 'yarmu tilo, tana 'yar shekara bakwai. Mace ce ni mai saurin yanke hukunci, kafin mutum ya dire maganarsa na riga na ba shi amsa. A wurin aiki ana yaba mini da wannan hali. A gida kuwa ba wanda ya taɓa tanka mini, sai na ɗauka nan ma yabon ake yi. Na rubuto ne in faɗi yadda na yi asarar abin da kowace uwa take taƙama da shi, wato idan 'yarta ta ji tsoro ita za ta fara nema.

'Yata a nan aka haife ta, Turancinta na 'yan Manchester ne sak, Hausarta kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Akwai ajin da iyaye suka haɗa ranar Asabar a wani zauren unguwa, ana koya wa yara Hausa da tatsuniya, amma da hukuma ta fara rufe irin waɗannan wurare sai ajin ya watse. Na ce zan ɗora mata a gida, ban yi ba. Abin da ta tsira da shi bai wuce gaisuwa da sunayen abinci da kalmar gizo ba. Duk wani abu mai ƙafafu da ke rarrafe, gizo ne a wurinta, ko tururuwa ce ko kyankyaso. Na san da haka sarai. Dariya ma abin yake ba ni, har ina ba ƙawayena labari a waya.

A shekarar aka yi ta sallamar ma'aikata a ofishinmu. Na tsallake da ƙyar, amma aikin waɗanda aka kora ya dawo kaina, na zama kamar wuta, da an taɓa ni sai faɗa. Maigidana ya ce gara mu fita mu sha iska kafin in cinye mutanen gidan. Haka muka tafi wani ƙaramin tsibiri a tekun Indiya, muka kama ɗakin katako a bakin ruwa. Wurin yana da kyau, amma namun dawa da ƙwari su ne masu gari, mu baƙi ne. Gizo-gizon can ya kai tafin hannu, ya yi saƙa daga bishiyar kwakwa zuwa wayar lantarki, kana tafe yana lilo a saman kanka. Jemagu manya suna shawagi tun rana ba ta faɗi ba. Kaguwa tana ratsa baranda ba sallama, ga kunkuru kamar an kife tukunyar biki, ga tsaka a kowane bango.

Ni dai daɗi na ji, don a gidan ƙasa na tashi a wajen Kano, inda kunama take faɗowa daga azara. 'Yata kuwa tun da muka sauka take maƙale da ni tana kiran gizo. A banɗaki gizo, a hanya gizo, a kan tebur gizo. Na gaya mata gizo ba ya cizo, mu a gida ko kashe shi ba ma yi, saboda shi ya yi saƙa a bakin kogo ya rufa wa Manzon Allah asiri. Ban da haka sai na kama tsokanarta, ina kiranta Baturiya, ina cewa ni a shekarunta da silifa nake kashe kunama in ci gaba da cin tuwona. Babanta ya ce in bi ta a hankali, yarinya ce ba ta saba ba. Na ce masa ai tsoro shagwaɓa ce, in aka biye mata ƙaruwa take yi. Duk wannan jarumtar, ni ce kuma nake bin tsaka da takalmi, wadda ba ta yi wa kowa komai ba.

Wata safiya za mu shiga jirgin ruwa yawo, mai motar da zai kai mu tashar jirgin yana ta danna mana ham. Takalmanmu a baranda suka kwana saboda yashi. A gidanmu na Kano ko yaron goye ya san ba a zura ƙafa a takalmi sai an kakkaɓe shi, amma ban taɓa koya mata ba, don a Longsight ba abin da ke shiga takalmi sai sanyi. Ina duƙe ina shirya abinci a jaka ta zo ta ja mini hijabi. Wannan karon ba ta yi ihu ba, don na hana ta. A hankali ta ce akwai gizo a takalminta. Na ce ta je ta saka, gizo ba ya cizo. Ta sake jan hijabin ta ce wannan dogo ne. Ban juya ba. Na ce na gaji, in ta ƙara ambatar gizo a ɗaki za mu bar ta, ta wuce ta saka takalmi tun kafin raina ya ɓaci. Ta je ta saka.

Shanshani ne, ja, ya fi taƙi tsawo. Na gan shi da idona ya fito ya shige ƙarƙashin katako lokacin da babanta ya fizge takalmin. Ƙarar da ta yi ba zan tsaya kwatanta ta ba. Kafin mu isa ƙaramin asibitin tsibirin ƙafar ta kumbura har idon sawu, tana amai, jikinta ya ɗauki zafi. Likitar ta ce cizon ba kasafai yake kisa ba, amma yana wahalar da ƙananan yara. Ta tambayi yarinyar ko ba ta ga ƙwaron ba ne. 'Yata ta amsa da Turanci cewa ta gani, Mama ce ta ce ta saka. Ba da sigar kai ƙara ta faɗa ba, ta faɗa ne kamar an tambaye ta sunanta. Likitar ta ci gaba da wanke ƙafar, maigidana kuma ya kalli taga. Daga baya wurin cizon ya yi ruwa, sauran hutun a ɗaki muka ƙarasa shi.

Ƙafa dai ta warke bayan mun dawo, sai ɗan tabo kamar an ɗiga tawada. Abin da na lura da shi kawai shi ne ta daina cewa gizo, ta kuma daina rugowa wurina. In ta ga ƙwaro sai ta kauce ta yi shiru. Ni a wautata na ɗauka ta yi jarumta, har na gaya wa mutane tsibirin nan ya gyara mini ita. An ɗauki shekaru kafin in gane. Da wasu yara suka sa ta gaba a sakandare, a bakin malamarta na ji. Yanzu tana jami'a a Birmingham. Kwanakin baya wani mutum ya riƙa bin ta daga tashar bas a unguwar Erdington har ƙofar gidan da take haya, sai yayata da ke unguwar Small Heath a can Birmingham ta gaya wa, ita ta je ta ɗauko ta. Ni sai da komai ya lafa na samu labari. Da na tambaye ta dalili ta ce ba ta so ta dame ni da ƙaramin abu. Na taɓa zaunar da ita na ba ta haƙuri a kan tsibirin, ta yi murmushi ta ce ba komai Mama, ta ma manta. Na yarda ba ta riƙe ni da komai ba. Muna gaisawa, muna dariya, tana kawo mini tsaraba, sai dai in abu ya tsorata ta ba lambata take fara kira ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

Abin da na koya ba shi da yawa. Yaran da muka haifa a nan ba su ga abin da muka gani ba, kuma 'yar Hausar da muka ba su ba ta isa su bambanta mana gizo da shanshani ba. Abin da suke da shi a baki da shi za su kira mu. Masu zuwa hutu irin waɗannan wurare, ku kakkaɓe takalmi da tawul da zanen gado, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, 'yar'uwa, in ɗanki ya zo ya ce ya ga wani abu, ko sau nawa ya faɗa a ranar, ki ajiye abin da ke hannunki ki juya ki duba. Kada ki yi masa dariyar tsoronsa, don yaro in ya ga ba a saurarensa ba musu zai yi ba, biyayya zai yi ya zura ƙafar, daga nan kuma ya koyi yin shiru. Ni yanzu aiki ya yi sauƙi, ina da lokacin juyawa ko sau ɗari ne, amma ba mai jan mini hijabi.