Jini Ne, Ba Burukutu Ba

Babana bai taɓa sa burukutu a bakinsa ba. Shekara talatin da wani abu ya yi yana aikin reluwe a Kafanchan, da ya yi ritaya ya koma noman citta da hidimar ikilisiya. Dattijo ne a cocinmu, kujerarsa tana gaba kusa da bagade, inda Fasto ke tsayawa. Ko a wurin biki aka buɗe kwalba kusa da shi, tashi yake yi ya canza wuri. Ni ce 'yarsa ta fari, malamar firamare, kuma kowa a unguwarmu ya san ban gaji haƙurinsa ba.

A farkon wata damina, yana dawowa daga gona ta hanyar Zonkwa, akuya ta gitta wa mai babur ɗin da ya ɗauko shi, suka zube a gefen titi. Baba ya miƙe ya kakkaɓe wando, har shi ne mai ba direban haƙuri. Ɗan ƙullutu ne kawai ya fito masa a gefen kai. Mama ta gasa masa da ruwan zafi, muka yi masa sannu, muka manta.

Bayan kamar wata guda sai ya fara canzawa. Ciwon kai ba dare ba rana, ga barci kamar an yi masa asiri. Ya riƙa kirana da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Wata Lahadi ya tashi karatun Littafi Mai Tsarki, ya maimaita aya ɗaya har sau uku. Mai kemis ɗin layinmu ya ce taifod ce da maleriya, abin da yake gaya wa kowa ke nan ko da ƙafa ka karye.

Ranar wata Alhamis ya fita sayen taki a kasuwa, ya ɓace. Mutumin da ya san kowane lungu na garin nan ya kasa gane hanyar gidansa! Yana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, ya je ya zube a kan wani benci a bayan kasuwa, fitsari ya jiƙa masa wando. Bencin nan kuwa na ƙofar wata mata ce mai dafa burukutu.

Wanda ya fara ganinsa shi ne magatakardan ikilisiyarmu. Ba baƙo ba ne fa. Tare suka tashi da Baba, shi ne abokin ango ranar auren iyayena, Kawu nake ce masa tun ina rarrafe. To me kuke tsammani ya yi? Ya kama hannun abokinsa ya kai shi gida? Ina! A cocinmu ba a hukunta dattijo sai da bakin shaidu biyu ko uku. Saboda haka Kawu ya tsallaka titi, ya sami inuwa, ya ciro waya ya kira wasu dattawa biyu su zo su gani da idonsu. Ɗayan yana can ƙetaren layin dogo, sai da ya gama cin abinci ya taho. Kusan awa biyu ubana yana zaune a rana da jiƙaƙƙen wando, abokinsa yana gadinsa daga nesa kada ya tashi shaida ta lalace.

Matar nan ta fito har sau biyu tana ce wa Kawu, "Ranka ya daɗe, wannan tsoho bai sha komai a wurina ba. Ba ya da lafiya, ku kai shi gida." Kawu ya ce ba ya karɓar shaida daga bakin mai tukunyar Shaiɗan. Da shaidun suka gama kallo suka watse, ita ce ta tare keke mai ƙafa uku, ta riƙo Baba har ƙofarmu. Daga bakinta na ji duk wannan.

Majalisar dattawa ta kira Baba. Suka ce, "Ka sha?" Ya ce, "I." Suka ce, "Ka san zunubi ne?" Ya ce, "I." A halin da yake ciki, da sun tambaye shi ko shi ne gwamna, i zai ce. Lahadin da ta biyo baya Kawu ya tashi da muryarsa mai daɗi ya karanta sanarwa: an sa Baba a horo na wata shida. Wanda aka sa a horo ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya riƙe wani aiki, kuma a benci na ƙarshe yake zama, bakin ƙofa, inda duk mai shigowa zai gan shi. Mama ta daina zuwa Zumuntar Mata saboda kallo.

Akwai abin da zan faɗa a kaina, ko da yake yana ƙona ni. Ranar da aka kawo Baba gida, da nake cire masa riga, na kai hancina bakinsa na sansana. Ban ji komai ba, amma dai na sansana. Har yau idan na tuna sai in ji na tsani kaina.

Kwana goma bayan sanarwar, cokali ya suɓuce daga hannunsa na dama, ya kasa ɗauka. Kashegari ƙafar dama ta fara ja. Na kai shi asibiti a cikin gari. Wata likita, yarinya ƙarama da ita, ta haska masa ido, ta sa ya ɗaga hannuwa biyu, na daman ya sauko da kansa. Ta juyo ta ce, "Anti, ya taɓa faɗuwa? Ko da daɗewa, ko kaɗan?" Sai akuyar nan ta faɗo mini a rai. Ta ce mu kama hanyar Jos a ranar, a ɗauki hoton cikin kansa.

A Jos likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ya ɗaga hoton ya nuna mini wani abu kamar jinjirin wata a gefen hagu, ya danne ƙwaƙwalwar har ta karkata. Ya ce jini ne. Idan mutum ya tsufa ƙwaƙwalwa takan ɗan motse, siraran jijiyoyin da ke tsakaninta da ƙoƙon kai su miƙe. Bugu kaɗan sai ɗaya ta tsage, jini ya riƙa ɗiga a hankali, mako da makonni, har ya taru. Na ce, "Likita, gaya mini gaskiya, wannan abu zai sa mutum ya yi kamar ya bugu?" Ya ce, "Malama, a haka ake kawo mana su. Wani a ce giya ce, wani a ce tsufa, wani a ce mayu." Na ce ya maimaita. Ya maimaita, yana kallona kamar ni ma ina bukatar hoton.

Ya bayyana mini aikin. Za su huda ƙoƙon kai a wuri biyu su wanke jinin, su bar siririyar roba ta kwana ɗaya ko biyu tana tsotse saura, domin bincike ya nuna barin robar yana rage dawowar jinin. Ba za su sa shi barci ba saboda shekarunsa, allura za su yi masa a fatar kai ta kashe wurin. Ya ce akwai sabuwar dabara da ake ta nazari a kanta, a zura siririn bututu ta jijiyar cinya ko ta hannu har cikin kai a toshe jijiyar da ke ƙara wa jinin yawa, amma ba ta iso gare su ba tukuna. Na ce ya yi da abin da ke hannunsa, ni dai ubana nake so.

Aikin bai kai awa biyu ba. Wata nas ta gaya mini jinin ya fito baƙi ƙirin kamar tsohon man inji, kuma tun suna kan wankewa Baba ya buɗe baki ya tambaya wa ke kula masa da gonar citta. A kwana na uku ya ci tuwo da hannun dama, ya kira ni da sunana. Na fita baranda na yi kuka har wata mai jinya ta zo tana yi mini ta'aziyya, ta zaci rasuwa aka yi.

Sai dai bai tuna komai ba. Daga ranar da ya gama rufe citta da ganye har ranar da ya farka a Jos, babu. Likita ya ce hakan na faruwa, kuma wataƙila ba zai dawo ba.

Na sa likita ya rubuta takarda, na kai wa Fasto. Fastonmu ba mugu ba ne, matashi ne da ke tsoron dattawa kamar kaza da shaho. Ya kai maganar majalisa. Can Kawu ya ce likita jini ya gani, bai ga abin da ya faru a bayan kasuwa ba. Shaidu uku sun gani, mai laifi ya amsa da bakinsa. Don tausayi za a rage masa horon, amma hanyar fita ɗaya ce ga kowa: ya tsaya gaban jama'a ya ce ya tuba. Na san abin da ke cin sa. Idan Baba bai sha ba, to shi ne mutumin da ya bar marar lafiya a rana.

Mama ta gaya wa Baba zancen horon, amma ta ɓoye masa yadda aka yi. Ta haɗa ni da Allah kada in faɗa, wai kansa bai gama warkewa ba, kuma a bar wa Allah. Ban ce mata i ba, ban ce a'a ba. Shi kuwa Baba, da ya ji zancen horon, sai ya ce, "Dattawa uku ba za su yi mini ƙarya ba. Tunda ban tuna ba, wataƙila na yi. Zan tuba." Na ce, "Baba, ba ka sha ba!" Ya ce, "Kina wurin?"

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da Kawu ya zo dubiya da nonon ayaba. Ya yi doguwar addu'a, ni na ƙi rufe ido. Baba ya riƙe hannunsa ya ce, "Ɗan'uwana, kai ka iya magana, rubuta mini abin da zan faɗa kada in yi kuskure." Kuma ya rubuta! A kan teburinmu, da birona na jar tawada da nake duba aikin yara. Na tsaya a bakin kicin ina kallonsu. A ranar na yanke shawara, kuma ba zan ce Ruhu Mai Tsarki ne ya ba ni ita ba. So nake in wulaƙanta shi a gaban mutanen da ya wulaƙanta ubana.

Lahadin ta zo, wata biyu bayan aikin. Coci ya cika, har waɗanda ba su zuwa sun zo kallo. Bayan an karɓi baiko, wato sadakar coci, Fasto ya kira Baba. Ya taso daga bakin ƙofa, ya bi tsakiyar jama'a da takarda a hannu, ya tsaya gaban bagade ya cire hula. Gashi ya fara tsirowa, fari fat. Kawu yana zaune a teburinsa, taku uku daga inda Baba yake.

Ban jira ya buɗe takardar ba. Na tashi, Mama ta cafke zanena, na fizge. Na je na kama wuyan hannun Kawu na ɗaga shi tsaye. Ya ce, "Ke, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Kawu, zo ka taɓa burukutun." Inda aka huda, ƙashi ba ya cikewa, fata ce kawai ke rufe shi, sai ya bar ɗan rami daidai kan yatsa. Na riga na tambayi likita, ya ce taɓawa a hankali ba ta cutarwa. Na ɗora ɗan yatsan Kawu a ramin. Na ji hannunsa ya yi sanyi, yana neman janyewa, na ƙi saki.

Sai na juya ga jama'a na faɗi komai. Akuyar, jinin, takardar likita. Na faɗi bencin, da wandon, da inuwar da Kawu ya tsaya a ciki yana kiran waya, da dattijon da ya tsaya cin abinci. Na ce a duk waɗanda suka gan shi a ranar, mai burukutu ce kaɗai ta nuna ta san Allah. Fasto yana ta "'Yar'uwa, 'yar'uwa," ko kallonsa ban yi ba. Wata tsohuwa a Zumuntar Mata ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo Yesu!" Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, daɗin da ban taɓa jin irinsa a cikin coci ba.

Da na gama sai na tuna da Baba. Yana tsaye bai motsa ba, yatsan abokinsa a kansa. A hankali ya ce, "Kai ka fara ganina?" Kawu ya kawar da kai. Baba ya ƙara da cewa, "Awa biyu?" Na saki hannun, Kawu ya yi sauri zai janye, sai Baba ya riƙe shi da hannunsa na dama.

"Tsaya, ba ka gama ba," in ji Baba. "Biyu ne."

Ya ja yatsan da kansa zuwa bayan kai, ya ajiye shi a rami na biyu, ya bar shi a nan har sai da Kawu ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya ninke takardar tuban, ya sa masa a aljihun riga, ya juya ga bagade.

"Fasto," ya ce, "ban tuna ba. Amma ban sha ba."